DARASI: TSADAR JINYA DA ABIN DA INSHORAR GWAMNATI KE YI WA FARASHI



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan kuɗin asibiti ne. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba ka ci karo da hoton mara lafiya a Facebook ba, ga lambar asusu a ƙasa, ana cewa a taimaka don Allah. Wannan wankin ƙoda, waccan tiyatar haihuwa, wancan yaro ne mai sikila ana neman jini. A masallaci ma haka ne, liman na sallamewa wani zai miƙe da takardar likita a hannu. Ana bayarwa gwargwadon hali, Allah ya karɓa. Sai dai layin ƙaruwa yake yi kullum. Kuma kafin mutum ya kai ga fitowa roƙo, akasari an riga an sayar da gona, an kai ɗan kunnen uwargida kasuwa, an cinye jarin shago.

Tambayoyi biyu nake so mu warware. Me ya sa jinya ta yi tsada haka? Kuma wannan inshorar lafiya ta gwamnati da ake ta kiran mutane su shiga, rage farashi take yi ko ƙara shi? Daga ƙarshe zan taɓo hukuncinta, don na san da yawanku abin da ya hana ku shiga ke nan. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi.

JINYA BA IRIN SAURAN HAJA BA CE

Idan ka shiga Dawanau sayen masara, abu uku ne ke kare aljihunka. Ka san masara, in ka ɗebo a tafin hannu za ka gane mai kyau da mai ƙwari. Kana iya zagayawa ka taya a wuri biyar. In kuma farashin bai yi maka ba, sai ka koma gida ka dawo wani mako. Sanin haka ne ke sa ɗan kasuwa ya sassauta maka.

To a asibiti duk ukun ba ka da su. Ba ka san abin da ke damunka ba, wanda zai yi maka aikin shi ne zai gaya maka abin da kake buƙata: gwaji kaza, hoto kaza, kwanciya ta kwana kaza. Ba ka da halin zagayawa, don wanda matarsa ke naƙuda jini na zuba da ƙarfe biyun dare ba ya tsayawa tambayar ina ya fi araha. Kuma ba a ce wa ciwo ya jira mako mai zuwa. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke mai suna Kenneth Arrow ya yi rubutu a kan haka tun 1963, ya nuna cewa ƙa'idojin kasuwa da aka saba ba sa tafiya daidai a harkar lafiya, saboda ba wanda ya san ranar da ciwo zai zo masa, kuma akwai rata babba tsakanin ilimin likita da na mara lafiya.

Ba zargin likitoci nake yi ba. Abin da nake so a gane shi ne, mara lafiya shi kaɗai shi ne mai saye mafi rauni a kowace kasuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

INDA KUƊIN KE TAFIYA

Na farko, dala. Wajen kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Najeriya daga waje ake shigo da su, akasari daga Indiya da Sin. Wanda ake haɗawa a gida ma, sinadarin da shi ne ainihin maganin daga waje yake zuwa. Injin hoto, injin wankin ƙoda da matatarsa, sinadaran ɗakin gwaji, har safar hannun likita, duk da dala ake saye. Kafin watan Yunin 2023 farashin gwamnati na dala ɗaya kimanin naira 460 ne. Da aka saki naira, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Ka ga ko mai kemis bai ƙara ribar sisi ba, kwalin maganin ya riga ya ninka tun yana tashar jirgin ruwa. A cikin 2023 ɗin ne kuma kamfanin GSK da kamfanin Sanofi suka sanar da daina gudanar da kasuwancinsu kai tsaye a ƙasar, suka bar wa dillalai. Masu asma da ke amfani da Ventolin, da waɗanda aka taɓa rubuta wa Augmentin, su ne za su ba ka labarin abin da ya biyo baya. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire harajin shigo da kayan haɗa magani na shekara biyu. Mataki ne mai kyau, amma haraji ɓangare ne kawai na farashin, uwar tsadar tana jikin canji.

Na biyu, wuta. Asibiti ba ya barci. Firjin ajiye jini, na'urar jariran da ba su kai wata tara ba, fitilar ɗakin tiyata, babu wanda za a ce ya jira a kawo wuta. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu layin da ake kira Band A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan yunit ɗaya, kafin a ɗan rage daga baya, kuma manyan asibitoci da yawa a wannan layi suke. In wutar ta ɗauke kuma sai janareta da man dizal. Wannan kuɗi ba ka ganin sa da sunansa a rasit, amma yana cikin kuɗin gado, yana cikin kuɗin gwaji.

Na uku, ma'aikata. Ba a samar da likita da sauri. Shekara shida ce a jami'a in babu yajin aiki, sai shekarar sanin makama, sai bautar ƙasa, sannan wasu shekaru biyar ko shida kafin ya zama ƙwararre a fanni ɗaya. Bayan duk wannan sai Ingila ko Saudiyya ko Kanada ta ɗauke shi da albashin da mu ba ma iya biya. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2025 cewa likitoci wajen 16,000 ne suka bar ƙasar a cikin 'yan shekarun nan. Abin da ya yi ƙaranci dole ya yi tsada. In bai yi tsada da kuɗi ba zai yi tsada da jira, a ba ka ranar ganin likita bayan wata uku.

Na huɗu, yawan hannuwa. Daga mai shigowa da magani zuwa babban dila, zuwa ƙaramin dila, zuwa kemis ɗin unguwa, kowa zai ɗora tasa riba da kuɗin mota. Wanda ke ƙarshen wannan sarƙa, mai sayen ƙwaya goma, shi ke biyan kowa.

Na biyar, kasafin gwamnati. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. A garinmu aka yi taron, amma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba, yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 yake yawo. Abin da gwamnati ba ta biya ba, wa zai biya? Kai ne. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, a bakin taga, a ranar da ciwo ya zo. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a wannan.

Na shida, mu kanmu. Hawan jini in an gano shi da wuri, ƙwaya ce ta kullum da rage gishiri. In an bar shi shekara goma ana cewa ai ciwon kai ne kawai, ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Amma kada mu yi saurin ɗora wa talaka laifi. Tsoron kuɗin kati da na gwaji ne ke sa ya tsaya a kemis. Tsada ce ke haifar da jinkiri, jinkirin kuma ya haifo tsadar da ta fi ta farko.

MECE CE INSHORAR GWAMNATI?

Asalin abin mai sauƙi ne. A misali, mutum 1,000 kowa ya zuba naira 1,000 duk wata. A shekara an tara naira miliyan 12. A cikinsu ba kowa ne zai kwanta ba. Waɗanda Allah ya jarraba da tiyata ko haɗarin mota sai a ɗauki nauyinsu daga asusun. Nauyin da zai karya gida ɗaya sai ya zama ɗan abin da gida dubu ba su ji ba. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya.

A Najeriya an yi dokar shirin NHIS a 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Obasanjo, ya fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Ma'aikaci yana shiga da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma in an rubuta masa magani kashi 10 cikin 100 na kuɗin kawai yake biya. A 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mayar da hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihohi ma suna da nasu: KSCHMA a Kano, wadda aka kafa da dokar 2016, KADCHMA a Kaduna, da makamantansu a Katsina da Jigawa da sauransu. Duk da haka waɗanda ke cikin tsarin wajen mutum miliyan 20 ne, a ƙasar da ta haura miliyan 200. Wato mutum ɗaya cikin goma.

Abu na farko da ya kamata a cire daga rai shi ne tunanin cewa inshora tana mayar da magani kyauta. Kuɗin dizal yana nan, kuɗin dala yana nan. Abin da ta sauya shi ne wa zai biya, da kuma yaushe. To amma tana taɓa farashin kansa? Tana taɓawa, ta fuska biyu masu karo da juna.

FUSKAR DA TAKE SAUKAR DA FARASHI

Mun ce mara lafiya shi kaɗai mai saye ne mai rauni. To in mutum miliyan suka haɗa kuɗinsu a hannu ɗaya, wannan hannu ya zama babban mai saye. Yana ciniki ne da lafiyarsa ƙalau, tun kafin ciwo ya zo, yana da likitoci da masana magani da suka san hajar, kuma yana iya cewa ban saya ba. Abubuwa ukun nan da aka rasa a bakin asibiti sun dawo. Mai sayen buhu dubu ba farashinsa ɗaya da mai sayen mudu ba.

Don a ga girman wannan, mu leƙa Amurka, ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a kan lafiya, wajen kashi 17 cikin 100 na duk arzikin da take samarwa a shekara. Mafi yawan mutanenta suna da inshora, amma a warwatse take a hannun kamfanoni masu yawa, kowa da nasa ciniki. Gwamnati tana da shirin Medicare da aka kafa a 1965 don masu shekara 65 zuwa sama. Aiki iri ɗaya a asibiti ɗaya, abin da kamfanoni masu zaman kansu ke biya a matsakaici ya haura ninki biyu na abin da Medicare ke biya, saboda Medicare babba ce, ita ke yanka farashinta. Amma a ɓangaren magunguna, dokar 2003 ta hana ta yin ciniki da kamfanonin magani. An ɗaure wa babban mai saye hannu, kuma Amurkawa suna biyan fiye da ninki biyu na abin da sauran ƙasashe masu arziki ke biya a kan magani. Sai a 2022 aka yi dokar da ta ba ta damar ciniki a kan wasu magunguna, aka kuma ƙayyade abin da tsofaffin da ke shirin za su biya na allurar insulin a dala 35 a wata. Ingila kuwa, da ke da tsarin NHS tun 1948, mai saye ɗaya ne ke magana da sunan kowa, yana iya ƙin magani in farashinsa ya fi amfaninsa, shi ya sa kamfanoni ke sassauta mata.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. A shekarar 2000 maganin cutar ƙanjamau na mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sa a dala 350. Da manyan asusun duniya suka shiga saye da yawa lokaci guda, ya sauko ƙasa da dala 100. Ciwon bai canza ba, ƙarfin mai saye ne ya canza, tare da shigowar masu haɗa irinsa.

Hanya ta biyu ita ce zuwa da wuri. Wanda ya san katinsa zai biya ba ya jiran sai an ɗauke shi ranga-ranga. Mai ciki za ta je awo, mai suga zai je gwaji. Ta uku kuma, inshora tana aiki da jerin magunguna masu sunan sinadari maimakon sunan kamfani. Panadol da farasitamol abu ɗaya ne, suna ne kawai ke da tsada.

FUSKAR DA TAKE ƁATA LISSAFI

A nan ne nake so a nutsu, don a nan matsalarmu take.

Hukumar inshora tana biyan asibitin da ka zaɓa wani ƙayyadajjen kuɗi duk wata a kan kowane mutum, ko ya je ko bai je ba. Mu kira shi kuɗin kai. Daga ciki ne asibitin zai yi maka maganin zazzaɓi, ƙananan gwaje-gwaje da makamantansu. Manyan ayyuka kamar tiyata kuma ana biyan su daban bisa jerin farashi. Wannan kuɗin kai ya zauna a naira 750 fiye da shekara goma. Lokacin da aka yanka shi dala tana wajen naira 160, wato ya kusa dala biyar. Zuwa farkon 2024 wannan naira 750 ɗin ta koma rabin dala. An yi ƙari a 2024, aka sake yi a 2025 ya kai naira 1,450. An kusa ninka shi, alhamdu lillahi, amma in ka auna da canjin lokacin da aka yi ƙarin bai wuce dala ɗaya ba.

Ka sa kanka a matsayin mai asibiti. Magani ya ninka sau uku, dizal ya ninka, kuɗin da ake ba ka bai motsa ba, wani lokaci ma kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO, ya riƙe kuɗin watanni. Me zai faru? Abin da masu kati suke kuka da shi ke nan. A ce maka maganin nan babu shi, je ka saya a waje. A ce ana jiran lambar amincewa daga kamfanin inshora, ka wuni a benci. A ba ka mafi arahar abin da ke cikin kanta. Wasu asibitocin su daina karɓar kati gaba ɗaya, wasu kuma su cike giɓin daga jikin mai biyan kuɗi hannu. A takarda farashi ya sauka, a zahiri ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga. Kuma wanda ya fi shan wahala shi ne talakan da ba ya cikin tsarin ma sam, mutum tara cikin goman nan.

Maƙwabtanmu sun ɗanɗani irin wannan. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye don ciyar da shi, kuma mutane sun shiga sosai fiye da namu. Amma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci wata da watanni, asibitoci har da na mishan sun sha yin barazanar komawa tsarin biya kafin a duba ka. Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, iyaye suka yi ta kai yara, amma bashin da cibiyoyin lafiya ke bin gwamnati ya taru har kantocin magani suka riƙa zama wayam.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Malamanmu sun tattauna shi a babin ƙayyade farashi. An roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanka farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada, bai yi ba. Daga baya malamai da dama suka yi bayanin cewa hukuma tana iya shiga idan akwai ɓoye kaya ko cutar da jama'a a kan abin da ba su da makawa a kansa, amma da sharaɗi. Imam Al-Baji, malamin Malikiyya na Andalus, ya kawo a sharhinsa na Muwaɗɗa cewa shugaba zai tara 'yan kasuwar ne ya binciki yadda suke saye da sayarwa, a tsaya a kan farashin da zai bar musu riba kuma bai cuci jama'a ba. Ya kuma yi gargaɗin cewa in aka tilasta musu farashin da babu riba, ƙarshensa kaya su ɓuya, kasuwa ta lalace. Kusan shekara dubu ke nan, kamar yana kallon tagar ba da magani ta asibitocinmu.

Akwai wasu ɓarakar guda biyu. Ta ɗaya, in mutum ya ga ba daga aljihunsa ba ne, sai ya nemi abin da ba ya buƙata, asibiti ma in ana biyan sa a kan kowane aiki yana iya ƙara gwajin da ba dole ba. Ta biyu, in masu ciwo ne kawai ke shiga, masu lafiya suna gefe sai ranar da suka kwanta, asusun zai ƙare, a ƙara kuɗin shiga, masu lafiyar da suka rage su ma su fice. Dalilin da ya sa dokar 2022 ta wajabta shiga ke nan, kuma dalilin da ya sa ake sa wa sabon shiga wa'adin jira kafin katinsa ya fara aiki.

To amsar tambayarmu ita ce: inshorar gwamnati tana saukar da farashi idan ta tara mutane da yawa, masu lafiya da marasa lafiya, ta yanka farashi na adalci da ke tafiya da zamani, ta kuma biya a kan lokaci. In ɗaya ya faɗi a cikin ukun nan, tsadar wuri kawai take canzawa.

TO YA HUKUNCINTA?

Malamai sun bambanta tsakanin inshorar kasuwanci da ta taimakekeniya. Ta kasuwanci ita ce kamfani ya karɓi kuɗinka da nufin riba, in ba abin da ya same ka ya cinye, in ya same ka ya biya abin da ba a san adadinsa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce wannan bai halatta ba saboda yawan gararin da ke ciki, wato rashin sanin abin da aka saya. A zaman nan kuma ta ce madadinsa shi ne inshorar taimakekeniya, wadda aka gina a kan kyauta da taimakon juna. Daga cikin abin da malamai ke kafa hujja da shi akwai yabon da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Ash'ariyyawa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa wuri ɗaya su raba daidai. Akwai kuma tsarin aƙila, inda dangi ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure.

Tsarin da gwamnati ke gudanarwa don jama'a, ba don ta ci riba ba, mafi yawan malaman wannan zamani a ɓangaren taimakekeniya suke ajiye shi. Shi ya sa ma jihohinmu na Arewa da dama suka kauce wa kalmar inshora a sunan hukumominsu, suka kira shi tsarin taimakekeniya. Akwai malaman da ke da tsokaci a kan wasu bayanai, kamar inda ake ajiye kuɗin asusun da kuma rawar kamfanonin da ke tsakani, kuma tsokaci ne da ya kamata hukuma ta saurara. Abin da na natsu da shi shi ne halaccin shiga, da niyyar cewa abin da ka zuba in ba ka ci ba ɗan uwanka ya ci. Wanda ya shekara bai je asibiti ba bai yi asara ba, ya samu lafiya kuma ya samu lada in sha Allahu.

Amma fa asusun nan dukiyar jama'a ce. Ba wa ƙaninka katinka ya je da sunanka ha'inci ne. Karɓo magani ba ka da ciwo don ka sayar ko ka ajiye ha'inci ne. Asibitin da ya rubuta aikin da bai yi ba ya ci haram. Jami'i ko kamfanin da ya riƙe kuɗin asibiti alhali kuɗin na hannunsa, ya sani jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kuma a wannan wuri zaluncin yana iya zama ran wani.

ABIN DA ZA MU YI

1. Magidanci ya je ofishin NHIA ko hukumar jiharsa ya tambayi tsarin masu zaman kansu. Ba na ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ne. Ka shiga tun kana lafiya.

2. Kafin ka biya, ka nemi a nuna maka abin da kati ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba. Manyan cututtuka kamar daji da wankin ƙoda na dogon lokaci ba a ɗaukar su gaba ɗaya. Mai mata fiye da ɗaya ko 'ya'ya fiye da huɗu ya tambayi kuɗin ƙarin mutum.

3. In an ce maka babu magani, ko an nemi kuɗi a kan abin da kati ya ƙunsa, ka karɓi rasit ka kai ƙorafi hukumar. Shirunmu ne ke sa abin ya zama al'ada.

4. Ka tambayi likita ko mai kemis ko akwai irin maganin mai sunan sinadari, ka duba lambar NAFDAC. Kada ka canza magani da kanka.

5. Kwamitocin masallatai, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu hali: kuɗin da ake tarawa don tiyatar mutum ɗaya bayan ciwo ya ci ƙarfinsa zai iya yi wa marayu da zawarawa da dama rajistar shekara. A ci gaba da taimakon gaggawa, amma a buɗe wannan ƙofar ma. Magabata da waƙafi suka riƙe asibitoci, kamar asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, inda ake jinya ba a karɓar komai saboda an tsayar masa da kadarorin da ke ciyar da shi.

6. In 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, ban da tambayar asibiti nawa za a gina, a tambaye su: talaka nawa kuka yi wa rajista, nawa kuke biya a kan kowane kai, kuma wata nawa asibitoci ke bin ku?

Likitoci, ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani da ke cikinmu, ku ƙara mana haske a sharhi, musamman yadda abin yake a jihohinku. A kiyaye ladabi, kada a kama sunan wani asibiti ko wani mutum.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya sa kaffara ce. Ya ba masu jinya haƙuri da abin biya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.

Wallahu a'alam.